Jitar da Ba Ta Jiran Nepa: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sayi Rezoneta

Duk wanda ya taɓa zama a wajen biki a Lausu, ko a wani ƙauyen da ke tsakanin Rano da Kibiya, ya san wannan lokacin. Mai kiɗan DJ ya ƙure sauti, fili ya ɗauki zafi, sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Lasifikoki su yi tsit. Fiyanon da aka ɗauko haya daga gari ya koma kayan kallo. Abin da kawai ke ci gaba da magana shi ne kalangu, in akwai makaɗi a wurin, domin shi bai taɓa dogara da fetur ba.

Jita ta katako ba ta da wannan gata. A cikin ɗaki muryarta ta isa, amma a fito da ita fili cikin hayaniyar mutum hamsin, sai dai a ga yatsun mai kaɗawa na motsi. Akwai dai wata irin jita da aka ƙera musamman saboda wannan matsala, tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Ita ce wadda matasa ke cin karo da ita a YouTube da TikTok, mai ƙyalli, da wani faifan ƙarfe a cikinta kamar murfin tukunya. Sunanta rezoneta, kuma a shafukan saye da sayarwa ana rubuta ta "resonator guitar". Akwai zalla, akwai kuma mai kafar jona waya, wadda ake iya kaɗawa haka nan, ake kuma iya haɗa ta da amfilifaya ko wayar hannu. Wannan ta biyun ce ta fi jan hankalin masu son ɗora bidiyo, kuma a kanta ne aka fi yin asarar kuɗi.

Ta fi kusa da kuntigi fiye da yadda ake zato

Bahaushe ba baƙo ba ne ga dabarar da ke cikin wannan jita. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, ya zaga duniya da kuntigi, wanda bai wuce gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya ba. Gurmin da Haruna Uji ya yi suna da shi ma haka tsarinsa yake, sai dai shi ƙwarya ce jikinsa. A duka biyun tsirkiya tana zaune ne a kan jaki, jakin kuma yana kan fata mai ɗauri. In aka taɓa tsirkiya, girgizarta ta bi ta jaki ta shiga fata, fatar kuma, saboda rashin nauyinta, ta tura iska da sauri. Shi ya sa ɗan ƙaramin kuntigi ke ratsa taro.

A jita ta gama-gari, allon katakon da ke gaba shi ke yin aikin fatar, kuma katako yana da nauyi, yana shanye wani kaso na ƙarfin tsirkiya. Rezoneta ta cire wannan aiki daga hannun katako ta ba wa wani siririn kwanon alminiyam da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Siffarsa kamar takardar cikin lasifika, kuma aikinsu ɗaya, illa ita lasifika lantarki ke motsa ta, shi kuwa kwanon tsirkiya ce. Faifan da ake gani a waje mai huje-huje murfi ne kawai. Kwanon yana ƙarƙashinsa, kuma shi ne jitar. Sauran jikin, ko na katako ne ko na ƙarfe, akwati ne da ke gyara masa murya.

A Los Angeles ta ƙasar Amurka aka fara ƙera ta. Wani makaɗi mai suna George Beauchamp ya gaji da yadda kayan busa ke danne masa jita a dandamali, sai ya kai kukansa wajen John Dopyera, wani mai gyaran kayan kiɗa da iyalinsa suka yi hijira daga Sulobakiya. A 1927 kamfanin National ya fara fitar da jitar da Dopyera ya ƙirƙira, mai ƙananan kwanoni uku. Ba a daɗe ba suka ɓata, Dopyera ya fice ya kafa Dobro tare da 'yan'uwansa, ya fito da wani tsarin na daban mai kwano ɗaya. Abin ban dariya, shi Beauchamp ɗin da ya fara neman ta yana cikin waɗanda suka yi mata sanadin faɗuwar kasuwa, domin a farkon shekarun 1930 ya haɗa kai da Adolph Rickenbacker suka fitar da jitar lantarki. Inda akwai wuta, sai aka koma wa amfilifaya. Inda babu, wato ƙauyukan kudancin Amurka da bakin titi da gidajen rawa na baƙar fata, rezoneta ta ci gaba da aiki a hannun mawaƙan bulus irin su Son House da Bukka White. Yanayin da ya raya ta a can bai bambanta sosai da na ƙauyukan kudancin Kano a yau ba.

Kwano iri uku

Kafin a duba launi ko ƙyalli, abin tambaya na farko shi ne wane irin kwano ke ciki.

Akwai mai biskit. Kwano ɗaya ne, faɗinsa inci 9.5, an kife shi kamar malfa, a ƙoƙuwarsa an ɗora ɗan kewayayyen katako mai kama da biskit, a kansa jakin yake. Sautinsa na fita da ƙarfi nan take, kamar an buga ƙofar kwano, sannan ya mutu da wuri. Wanda kunnensa ya saba da gurmi ko garaya zai ji wannan ya fi kama da gida. Shi ne ya fi dacewa da kiɗa mai tafiya da sauri wanda ake bin waƙa da shi.

Akwai mai gizo-gizo, wato tsarin Dobro. Shi kwanonsa ya ɗan fi girma, inci 10.5, kuma a buɗe yake yana kallon sama kamar akushi. Wani ƙarfe mai ƙafa takwas ne ke zaune a bakinsa yana ɗauke da jaki, da sukuru ɗaya a tsakiya da ke haɗa su. Muryarsa ta fi laushi, tana ɗan fita ta hanci, kuma tana daɗewa kafin ta mutu. Mafi yawan masu araha da ke da kafar waya wannan tsarin ne da jikin katako.

Na ukun shi ne na asali, mai kwano uku 'yan inci 6, da ƙarfe mai siffar harafin T da ke haɗa su. Ya fi duka zaƙi da cikar sauti, ya fi duka wuyar ƙerawa, ya kuma fi tsada. Tun a wancan zamani haka abin yake: mafi arahar mai kwano uku dala 125 National ke sayar da ita, alhali mai biskit da ake kira Duolian dala 32.50 ce, wadda ita talakawan makaɗa suka fi iya saye. Mai koyo ba ya buƙatar mai kwano uku.

Batun jiki kuwa, na ƙarfe ya fi amo da ɗaukar ido, kuma shi ne ke bangon faifan Brothers in Arms na Dire Straits da ya fito a 1985. Amma nauyinsa ya kusa kilo 4, kuma in ya sha ranar watan Afrilu na minti ashirin ba ya taɓuwa. Na katako ya fi sauƙin rataya a kafaɗa a kan babur.

Kuskuren da ba ya gyaruwa

Rezoneta tana zuwa da wuya iri biyu, kuma a hoto da ƙyar ake bambance su. Mai zagayayyen wuya ana riƙe ta kamar kowace jita, ana danna tsirkiya da yatsu. Mai wuya mai kusurwa huɗu kwantar da ita ake yi a cinya, tsirkiyoyinta sun yi sama da wuyan kusan faɗin yatsa, ba a danna su sam, wani dunƙulen ƙarfe ake zamewa a kansu. Irin wannan ce Jerry Douglas ya shahara da ita. Kamfanin Gretsch, alal misali, yana da Bobtail iri biyu masu kama da juna kamar tagwaye, G9220 mai zagayayyen wuya da G9230 mai kusurwa huɗu. Wanda ya yi odar ta biyun da nufin koyon jita irin wadda ya sani, ya sayi wani kayan kiɗa ne daban, kuma babu kafintan da zai iya mayar masa da ita. Lamba ɗaya ce tsakaninsu, amma mayar da kaya daga Rano zuwa Turai ba zance ba ne.

Abin da ke bayan kafar waya

Nan ne gizo ke saƙa. Kafar da ke jikin jitar, mai faɗin milimita 6.35, ba ta faɗa wa mai saye komai. Abin da ke bayanta shi ne na'urar ɗaukar sauti, wadda makaɗa ke kira fikof, ba dai a-kori-kura ba. Iri biyu ne suka fi yawa, kuma ba abu ɗaya suke ji ba.

Fikof mai maganaɗisu shi ne wanda ake gani a fili kusa da ƙarshen wuya, wani lokaci dogo siriri kamar bututun jan-baki. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki. Matsalar ita ce alminiyam ba ya jin maganaɗisu, don haka wannan fikof bai ma san da kwano a jitar ba. Tsirkiya kawai yake ji. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwa saboda muryar kwano, ya jona waya, abin da zai fito a bidiyonsa sautin jitar lantarki ce ta gama-gari. Ba wai sautin ba shi da daɗi ba ne, yana da shi, kuma ba ya saurin yin kukan nan na "wiii" da lasifika ke yi a wajen taro. Amma ba shi aka saya ba. Sannan yana kwaso gurnanin wutar gida, wadda a Najeriya ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, da ƙarar caja marar kyau da ta inbata. Tsirkiyoyin da aka naɗe da tagulla ma ba ya jin su sosai, sai biyun nan sirara su danne sauran. Masu naɗin nikel sun fi dacewa da shi.

Fikof na fiyezo kuwa ba a ganinsa. Wani ɗan abu ne da ke fitar da wuta idan aka matsa shi, irin dabarar da ke cikin laita mai ƙyastu. Ana sa shi a jikin jaki ko ƙarƙashin biskit, don haka yana jin girgizar da ke shiga kwano. Ya fi kusa da muryar jitar ta gaskiya. Irin na Fishman Nashville da ke cikin Bobtail a wannan rukunin yake. Nasa aibin shi ne rauni: wutar da yake fitarwa ba ta jure a ja ta, tana buƙatar mashiga mai juriyar aƙalla om miliyan 1. In aka jona shi kai tsaye da lasifikar nan mai taya da batir da ake yawo da ita a tasha, ko da mahaɗin sautin DJ, sai kaurin murya ya ɓace, ya bar wani siririn sauti kamar ana kankare tukunya. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa jitar jabu ce, alhali abin da ya rage ɗan akwatin ƙara ƙarfi ne da ake kira firi'am. Wasu jitocin suna zuwa da shi a ciki, ana gane su da gurbin batir mai bolt 9. Masu irin wannan su riƙa zare waya in sun gama, domin kafar ita ce makunni, kuma barin waya a ciki na cinye batir ko ba a kiɗa.

Hukuncin dai a taƙaice: mai shirin kiɗa a dandamali kusa da manyan lasifikoki ya nemi mai maganaɗisu, ko mai duka biyun. Mai son muryar kwano a rikodin ya nemi fiyezo. Wanda kuma abin da yake so kawai shi ne ya zauna a zaure ya ɗauki bidiyo, gaskiyar magana ba ya buƙatar fikof ko ɗaya. Ya ajiye kuɗin ya sayi wadda kwanonta ya fi kyau. Rezoneta na da ƙarfin da makirfon waya zai ɗauke ta sarai, kuma ƙwararru ma a situdiyo makirfo suke kafa mata a gaba.

Daga jita zuwa waya

Bai kamata a raina waya a wannan harka ba. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yau ke cika zauruka a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran muryar kwamfuta irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, kuma ba rediyo ce ta yaɗa shi ba. Katin memori da Bluetooth ne suka ɗauke shi daga waya zuwa waya, har wata waƙarsa ta shiga tarin da Sahel Sounds ta fitar mai suna Music from Saharan Cellphones. Shi ba rezoneta yake kaɗawa ba, amma hanyar da ya bi tana nan a buɗe, kuma wayoyin yau sun fi na 2008 nesa ba kusa ba.

Sai dai kafar iyafis ta waya, mai milimita 3.5, ba don jita aka yi ta ba. An tsara ta ne don ɗan makirfon iyafis, har tana tura masa 'yar wuta. 'Yar mahaɗar nan mai araha da ke mayar da babban kai ƙarami za ta shiga ramin, amma sautin da zai fito ko dai babu shi, ko kuma ya fito a shaƙe. Abin da ake buƙata na'urar tsakani ce, wadda ake kira intafes. Akwai iRig na kamfanin IK Multimedia da aka yi musamman don waya, akwai kuma na USB irin su Behringer UM2 da Focusrite Scarlett Solo. A nemi mai mashigar da aka rubuta wa "INST" ko "Hi-Z", ita ce mai juriyar da fikof ke so. Android ta fara karɓar irin waɗannan na'urori tun sigar 5.0 da ta fito a 2014, ta hanyar wayar OTG. A wasu wayoyin Tecno da Infinix sai an shiga saiti an kunna OTG da hannu, kuma yakan kashe kansa in aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, wanda hakan ya sa mutane da dama suka zaci na'urarsu ta lalace.

Intafes daga batirin waya yake sha, don haka a cika caji tun kafin a fara. Kada a yi rikodin waya na jikin caja, musamman a wutar janareta, domin duk ƙazantar wutar sai ta bayyana a sautin. Manhajar BandLab kyauta ce kuma ta isa mai farawa, akwai kuma FL Studio Mobile ga wanda zai biya. Sauraro kuma da iyafis mai waya za a yi. Bluetooth yana jinkirta sauti da kusan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, abin da ba a lura da shi a kallon fim, amma ga mai kiɗa ya isa ya rikita masa hannu gaba ɗaya.

Ga wanda ya zaɓi makirfon waya kawai, a ajiye wayar kamar taƙi biyu ko uku daga jitar, ba daidai saitin kwano ba, a ɗan karkata ta wajen da wuya ya haɗu da jiki. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano kyawun sauti.

Ciniki

Rezoneta ba kayan da ake tuntuɓe da su a kasuwa ba ne. Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano sun fi cika da fiyano da ganguna da jitocin coci, domin su ake nema, kuma waƙar Hausa ta zamani kusan duk a kan fiyanon Yamaha da kwamfuta aka gina ta. Saura Legas, ko Jiji da Facebook, ko oda daga waje. Masu araha irin su Harley Benton da Recording King da Gretsch da Epiphone kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, na National kuwa dubbai. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, jitar dala 300 ta zama ta naira 450,000 kafin a yi maganar kuɗin jirgi da kwastan. Wannan kuɗin buhunan masara da yawa ne, kuma ya isa a ce mutum ya tsaya ya yi tunani sau biyu. Wanda bai taɓa riƙe jita ba, ya fi masa ya fara da ta katako ta hannu mai araha na wata shida. In har lokacin yatsunsa sun yi kanta kuma sha'awar ba ta gushe ba, sai a yi maganar rezoneta.

Sayen ta hannu ta intanet cinikin biri a sama ne, sai dai a rage haɗarin. A nemi mai sayarwa ya yi kiran bidiyo kai tsaye, ba hoto ba, ba kuma bidiyon da aka riga aka ɗauka ba. Ya kaɗa kowace tsirkiya ita kaɗai, da ƙarfi. In ana jin "zzz" ko kakkarwa kamar ƙwarya mai tsaga, wataƙila sukuru ne ya kwance, wataƙila kuma kwanon ya lotsa. Kwanon da ya lotsa ba a buga shi ya miƙe, sai dai a sake, kuma daga waje za a kawo. Ya haska fitilar waya ta hujin murfin a ga ko kwanon ya yamutse. Ya nuna wuyan daga sama zuwa ƙasa a ga ko ya karkace. Ya auna tazarar tsirkiya da ƙarfen wuya na 12, wadda bai kamata ta wuce milimita 3 sosai ba ga mai danna yatsu. Sannan ya jona ta da amfilifaya a ji cewa fikof na aiki, yana girgiza wayar a kafar don a ji ko tana tartsatsi. Duk wanda ya ƙi yin waɗannan, ko ya ce a fara tura rabin kuɗi "don a riƙe kaya", a rabu da shi. Inda hali ya yi, a tura wani ɗan'uwa da ke garin ya gani da idonsa kafin kobo ya fita.

Hunturu

An ƙera waɗannan jitoci ne da tunanin iska mai danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu danshin iskar ƙasar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20, sannan damina ta zo ta juya lamarin. Ko jikin na ƙarfe ne, wuyan katako ne. Yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, wani lokaci ya lanƙwashe. Maganin bai da tsada: a huda gidan sabulu na roba, a sa soso mai ɗan danshi wanda aka matse sosai, a ajiye cikin jakar jitar a rufe. Ƙura ita ma tana shiga ta hujin murfi ta kwanta a kan kwano, ɗan tsakuwa guda ya isa ya sa ta kakkarwa, don haka ba a barin ta a jingine da bango a buɗe. Gumi na cin fentin nikel, a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle bayan kiɗa.

Abu biyu ne ke kashe kwano a hannun sabon mai shi. Na farko cire tsirkiyoyi duka shida lokaci ɗaya: nauyinsu ne ke riƙe da kwanon a mazauninsa, in an cire su yakan goce. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. Na biyu ɗaure sukurun tsakiyar gizo-gizo kamar ana ɗaure notin babur. Taɓawa kaɗan yake so. A tura tsirkiyoyin ajiya cikin odar farko ma, masu kauri daga .013 zuwa .056, domin sirara ba sa iya motsa kwano yadda ya kamata.

Inda take haɗuwa da kunnen Bahaushe

Ana iya saita rezoneta mai zagayayyen wuya kamar kowace jita, E A D G B E, kuma manhajar GuitarTuna za ta yi wannan aiki. Amma daɗinta na fitowa ne a buɗaɗɗen saiti, inda tsirkiyoyi shida ke ba da sauti mai jituwa ba tare da an danna komai ba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne D G D G B D, daga mai kauri zuwa siririya, sai kuma D A D F# A D. A kula, saitin G B D G B D da ake gani a darussan Dobro na masu wuya mai kusurwa huɗu ne, ɗaurinsa ya yi wa zagayayyen wuya yawa.

Sai a sa wani bututu a ƙaramin yatsa ko na kusa da shi, wanda ake kira silaid. Ba dole sai na kanti ba. Duane Allman da kwalbar magani ya yi suna, Lowell George kuma da soket ɗin kwance noti, irin wanda kowane bakanike a Rano ke da shi a akwatinsa. Kwalba na ba da sauti mai laushi, ƙarfe mai kaifi. Ba a danna shi har tsirkiya ta taɓa katako, ɗora shi kawai ake yi, daidai saman ƙarfen wuya, ba a bayansa ba kamar yadda ake yi da yatsa. Yatsan da ke bayansa kuma ya kwanta a kan tsirkiyoyi a hankali don ya kashe ƙarar da ba a so. Wurare uku ne za a fara sani, ƙarfe na 5 da na 7 da na 12.

Wannan bututun ne ya sa rezoneta ta cancanci a yi maganarta a nan. Fiyano da jita mai ƙarafa a wuya suna tsalle ne daga sauti zuwa sauti, babu komai a tsakani. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kukumar Garba Supa tana iya bin muryar mawaƙi har a ji kamar tana furta kalma ne saboda ba ta da waɗannan ƙarafa, tana zamewa ta duk inda murya ta bi. Silaid yana mayar wa jita wannan 'yanci. Ba banza ba Ry Cooder, ɗaya daga cikin gwanayen silaid na Amurka, ya zauna da Ali Farka Touré na Mali suka yi kundin Talking Timbuktu a 1994 ba tare da kiɗan ɗayansu ya yi baƙunta ga na ɗayan ba.

Don haka mai koyo a Lausu bai kamata ya ƙare a kwaikwayon bulus ɗin Amurka ba. Ya ɗauko tsohon kiɗan kukuma ko gurmi a YouTube, ya rage gudun bidiyon zuwa 0.5, ya bar babban yatsa yana buga tsirkiya mai kauri a matsayin ganga, ya nemi layin waƙar a kan siririya ɗaya tak. Yawancin waɗannan kiɗe-kiɗe a kan sautuka biyar suke tafiya, ba za a daɗe ana lalube ba. Makon farko abin zai yi kama da kukan mage, kowa haka ya fara.

Saura abu ɗaya da babu mai talla da zai ambata. Wannan jita ba ta da maɓallin rage murya. An yi ta ne don ta yi ƙara, kuma a gidan gandu inda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin saurayi da na Baba, ga kuma gidajen da ba sa kallon kiɗan tsirkiya da idon rahama tun asali, ƙarar na iya jawo maganar da ta fi ƙarfin jita. Sa iyafis ba ya rage komai, domin kwanon na ci gaba da aikinsa ko an jona waya ko ba a jona ba. Masu koyo da dare sukan cusa tsohuwar safa ko ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki, su ajiye farcen roba su yi kiɗa da tsokar yatsa. Sauran atisayen kuma a bar shi sai an fita bayan gari da la'asar.